Arba'in da Ɗan Yatsa

A bayan tashar Gujungu, inda tsamiya ta karkata,
nan rumfar Baffa Tsalha take,
da jak ɗin tirela da ya tsinta wajen 'yan gwangwan,
da almakashi mai hannu ɗaya naɗe da tsumma.
Tukwanen sanholo muke yi. Ba zubi ba, matsi:
a shafa wa faifai mai, a danna shi,
ya nutse a ramin ƙarfe, ya fito da ciki.

Ranar da ya tafi gaisuwa Taura
ya bar ni da falle ɗaya da odar mai tuwo.
Faɗi santimita ashirin, zurfi goma sha biyar.
Na ce wannan ai wasan yara ne.
Na ɗauki zare, na gangara da shi daga leɓe,
na ratsa gindi, na haura ɗaya gefen.
Hamsin cif.
Na kafa ƙusa, na zaga, na yanka ina fito.

Jak ya yi nishi sau uku.
Bakin ya tattare kamar wuyan tsohuwar zabira,
gindin ya ja, ya ja, ya gaji,
ya tsage da ƙara irin ta yagar sabon yadi.
Kuɗin buhun gero kusan rabi
na kwance gabana, ba tukunya, ba faifai.

Baffa bai yi faɗa ba, da ma ya yi.
Ya juya gawar da ƙafa, ya nemi wurin zama.
Ya ce, zare hanya yake aunawa, ɗana,
bai san ƙarfe tafiya yake yi ba.
Gefen faifai ya fi bakin tukunya faɗi.
In ka matsa, ina kake so ragowar ta je?
Bango take hawa. Ita ce tsawon da ka sake biya.

Sai ga Nazifi, ɗan Gwaggo Ladidi,
ya zo hutu daga makarantar fasaha, biro a kunne.
Ya durƙusa, ya share ƙasa da tafin hannu:
ashirin sau ashirin, ɗari huɗu;
huɗu sau ashirin sau sha biyar, dubu da ɗari biyu.
Ya haɗa, ya ce a nemo lambar
da in ta ninka kanta za ta cika dubu da ɗari shida.
Ya ɗago yana murmushi. Arba'in.

Baffa ko ƙasar bai duba ba.
Ya aike ni wurin Ilu mai nama in aro sikeli.
Ya ɗora tsohuwar tukunyar mai tuwo a hagu,
faifan da ya yanka da ido a dama,
yana rage gefe kaɗan-kaɗan kamar mai yanke farce
har harshen sikeli ya tsaya bai karkata ba.
Ya ce, Nazifi, kawo awonka.
Arba'in, har da ɗan gashi a kai.

Yaron ya yi shiru, tsohon ya yi tari.
Ƙarfe ba ya haihuwa, in ji shi, ba ya ramewa,
abin da ka ba shi a shimfiɗe
shi zai mayar maka a tsaye.
Amma ku ƙara ɗan yatsa, ku duka biyun.
Baki ba ya fitowa daidai, sai an datse,
kuma leɓe na son abin naɗewa.

Shekara tara ke nan.
Hannun Baffa yanzu ko kofin shayi rawa yake da shi,
ni ke riƙe almakashin.
Lissafin Nazifi na rubuce da gawayi a jikin ƙyaure,
sikelin Ilu ma ban daina arowa ba.
Tsagaggiyar nan tawa kuwa tana nan bayan rumfa,
kaji ke shan ruwa a gefen da bai yage ba.